Kaucin Wace Bishiya?

Duk wanda ya tashi a karkara ya san kauci. Idan rani ya yi nisa, itatuwa suka kaɗe ganye, akan hangi wani curin ganye a kan reshen kaɗanya ko ɗorawa, yana nan kore shar kamar ba a ƙasar ake yin fari ba. Ganyensa dabam yake da na itacen da yake kai, furanninsa kuwa dogaye ne sirara masu jan kai, sai ka ce tsinkayen ashana aka ɗaure wuri guda. Ba shi da saiwa a ƙasa, babu wanda ya shuka shi, babu kuma mai yi masa ban-ruwa. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da mutanen da suka ɗauke shi tsiro mai asiri, suka sa shi cikin magungunan ciwon ciki da zawo da atuni da miki, har ma da na farin jini da neman kasuwa.

A da, kauci yana cikin jakar boka ne da kwandon 'yar mai ganye, ana ba da shi ga wanda ya zo da larura, a gaya masa yadda zai jiƙa da yadda zai sha. Yanzu kuwa ya shiga kwali da leda. Ana tallarsa da lasifika a tashoshin mota da bakin kasuwa, ana kiransa shayi, ana lissafa masa cututtuka tun daga hawan jini da ciwon sukari har zuwa ciwon daji da rashin haihuwa. Kauci bai cancanci raini ba, domin akwai dalilai masu ƙarfi da suka sa masana kimiyya suke bincikensa. Amma bai kai matsayin da 'yan talla suka ɗora shi a kai ba. Abin da ya fi ban takaici kuma shi ne, ilmi mafi daraja game da shi, wanda masu maganin gargajiya suka riƙe tun kaka da kakanni, shi aka fara zubarwa ranar da aka sa shi a kwali.

Kafin a fahimci wannan magana, sai an san yadda kauci yake rayuwa. Ire-irensa da aka fi gani a ƙasar Hausa, masana tsirrai suna sa su cikin jinsunan da suke kira Tapinanthus da Agelanthus. Tsuntsaye ne manomansa. Akwai wani ɗan tsuntsu mai dogon baki a lanƙwashe wanda Bahaushe ya raɗa wa suna sha-kauci, saboda yawan ganinsa yana tsotsar zaƙin furen. Idan ya sa baki a jikin furen da bai buɗe ba, sai furen ya fashe nan take ya watsa masa garin barbara a ka, shi kuma ya kai wa fure na gaba. Bayan an yi 'ya'ya, sai wani ɗan tsuntsun, mai ɗigon ruwan ɗorawa a goshi, wanda kukansa yake kama da bugun maƙeri daga nesa, ya haɗiye su, ya narkar da tsokar, ya dawo da ƙwallon ta baki. Ƙwallon nan yana lulluɓe da wani irin danƙo mai yauƙi, don haka tilas tsuntsun ya goge bakinsa a jikin reshe kafin ya rabu da shi. Nan irin yake manne, nan yake tsira.

Abin da yake fitarwa da farko wata 'yar saiwa ce mai kama da turke. Ita ce take huda ɓawon reshen, ta kutsa har ta haɗu da siraran hanyoyin da suke ɗauko ruwa da gishirin ƙasa daga saiwar itacen zuwa ganyensa. Daga ranar nan kauci ya sami rijiya. Da yake ganyensa kore ne, yana haɗa wani ɓangare na abincinsa da hasken rana kamar sauran tsirrai, amma kowane ɗigon ruwa da yake sha daga jikin itacen yake fitowa. Daɗin daɗawa, ganyen tsirrai yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, waɗanda ruwa yake fita ta cikinsu. Idan fari ya tsananta itace yakan rufe nasa don tattali, shi kuwa kauci ya bar nasa a buɗe, ya ci gaba da zuƙa. Wannan ne sirrin korensa da rani, shi ne kuma dalilin da ya sa reshen da ya kama yakan yi ƙullutu a mahaɗar, sa'an nan abin da ke gaba da ƙullutun ya dinga ƙanƙancewa har ya bushe.

To, ruwan da yake tafiya cikin jikin itace ba ruwa ne zalla ba. Yana ɗauke da gishiri iri-iri, wani lokaci har da wasu sinadaran da itacen ya haɗa don kare kansa daga ƙwari da dabbobi. Mai shan ruwan wani kuwa yakan sha har da abin da ke cikinsa. A nan ne hikimar masu maganin gargajiya take bayyana. Babu ƙwararren mai magani da zai ce wa mutum ya nemo kauci ya yi shiru. Zai ce kaucin kaɗanya, ko kaucin tsamiya, ko na gawo, ko na marke, ko na bagaruwa, kowanne da larurar da ake ba da shi dominta. Wanda ya kawo na wani itacen dabam, sai a ce masa ya koma. Mai ilmin boko da ya ji haka yana iya cewa camfi ne, tun da ganyen duk iri ɗaya ne a ido. Bincike bai goyi bayansa ba.

A shekarar 1994 wasu masana na Jami'ar Jos suka buga sakamakon wani gwaji. Sun sa wa ɓeraye ciwon sukari ta hanyar ba su wani sinadari mai lalata ƙwayoyin da suke samar da insulin, sa'an nan suka shayar da su jiƙon kauci iri guda, wanda aka ciro daga itatuwa uku: lemun tsami da gwaba da bini-da-zugu. Na lemun tsami da na gwaba sun rage sukarin jinin ɓerayen. Na bini-da-zugu bai yi wannan aikin ba. A 2002 kuma wasu masana na Jami'ar Bayero ta Kano suka tattaro kauci daga itatuwa 14, suka gwada ruwansa a kan ƙwayoyin cuta cikin faranti a ɗakin gwaji. Sun ga yana hana wasunsu yaɗuwa, har da waɗanda suka gagari wasu magungunan asibiti, sun kuma ga sinadaran da ke cikinsa suna bambanta gwargwadon itacen da aka ciro shi. Watau abin da tsohuwa mai ganye take faɗa a bakin kasuwa ba tare da ta taɓa ganin madubin likita ba, shi ne ɗakin gwaji ya maimaita.

Al'amarin yana da wata fuskar mai ban tsoro. Akwai wani itacen ado da ake kira oliyanda, mai dogayen ganye da furanni jajaye ko farare, wanda akan shuka a harabar makarantu da gefen titi. Dukkan jikinsa guba ne mai taɓa bugun zuciya. Tun a 1961 masana a Ostireliya suka binciki kaucin da ya fito a kan wannan itace, suka tarar da gubar a cikin ganyen kaucin. Ba kowane sinadari ne yake ƙetarawa daga itace zuwa kauci ba, kuma kauci yana da nasa sinadaran da yake haɗawa da kansa. Amma an tabbatar ƙofar a buɗe take. Tumfafiya dangin oliyanda ce, tana kuma ɗauke da guba irin wannan, alhali akan ji sunan kaucin tumfafiya a bakin masu neman magani. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai hankali ya tambayi asalin ganyen da aka miƙo masa.

Sai a dubi kwalin da ake sayarwa a tasha. Yawanci an rubuta sunan kauci da manyan baƙaƙe, an jera cututtuka, amma ba a faɗi itacen da aka ciro shi ba, balle wane irin kauci ne daga cikin ire-irensa, balle watan da aka cire shi. Ganye in ya bushe aka daka shi, ko masanin tsirrai ba zai iya bambance na gwaba da na bini-da-zugu da ido ba. Mai sayen wannan kwali ya rasa kariyar da boka yake bayarwa ta sanin itace, bai kuma sami kariyar da kimiyya take bayarwa ta awo da gwaji ba. Ya zama ba ga tsuntsu ba ga tarko.

Akwai kuma wata dabara da 'yan talla suke yi, wadda ya kamata ɗalibai su iya ganewa. Sukan ce Turawa da kansu suna maganin ciwon daji da kauci a asibitocin Jamus. Maganar tana da tushe, amma kama da wane ba ta wane. Kaucin Turai, wanda ake kira Viscum album, mai fararen 'ya'ya ne da ƙananan furanni marasa kyan gani, kuma masana tsirrai ba su ma sa shi cikin dangi ɗaya da kaucin ƙasar Hausa ba. Ba ya fitowa a Nijeriya ko Nijar, ko da yake akan ga an liƙa sunansa a kan kwalaye, har ma a wasu rubuce-rubucen bincike da ba a tantance tsiron da kyau ba. Abin da ya haɗa su shi ne zama a kan reshen wani. Shi ma yana da dogon tarihi na camfi: marubucin Rumawa Filini, wanda ya rasu a shekara ta 79 Miladiyya, ya ba da labarin yadda limaman wata al'umma ta ƙasar da ake kira Faransa a yau suke yanke shi da lauje na zinariya, su tare shi da farin mayafi don kada ya taɓa ƙasa.

Shigarsa maganin ciwon daji kuwa ta faro ne wajen 1917 zuwa 1920, ta hannun wata likita mai suna Ita Wegman da wani masanin falsafa ɗan Ostiriya, Rudolf Steiner, wanda shi ba likita ba ne. Tun daga lokacin ake sarrafa shi, kuma har yanzu ana amfani da shi ƙwarai a Jamus da Suwizalan. An gano yana ɗauke da wasu sinadarai masu kashe ƙwayoyin ciwon daji a faranti. Amma da aka tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane aka yi musu duban tsanaki a 2008, a ƙarƙashin ƙungiyar Cochrane mai tace binciken likitanci, sai aka ga hujjar cewa yana ƙara tsawon rai mai rauni ce, yawancin gwaje-gwajen kuma ba a tsara su da kyau ba. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ba ta amince da shi a matsayin maganin ciwon daji ba. Wani gwaji da Jami'ar Johns Hopkins ta buga a 2023 a kan mutum 21 aka yi shi, manufarsa kuma ita ce gano adadin da jiki zai iya ɗauka. Har wa yau, Turawan allura suke yi da shi, ba shayi ba. Ashe mai tallar tasha ya ari sunan wani tsiro, na wata nahiya, da ake bayarwa ta wata hanya, wanda shi kansa bai gama cin jarrabawa ba.

Wani zai ce, to ai na gida ma an gwada shi, ga Jos ga Kano. Haka ne, kuma bayan waɗannan an yi wasu gwaje-gwaje masu yawa a jami'o'in Nijeriya, wasu sun nuna saukar hawan jini, wasu saukar sukari. Sai dai kusan dukkansu a kan ɓeraye aka yi su ko cikin faranti. Ɓera ba mutum ba ne, ciwon da aka sa masa da sinadari cikin kwana biyu kuma ba daidai yake da wanda ya ɗauki shekara goma yana ginuwa a jikin magidanci ba. Kafin a kira abu magani, sai an gwada shi a kan mutane kaɗan don a ga ko yana cutarwa, sa'an nan a kan ɗaruruwa ko dubbai, a raba su kashi biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba wasu maganin a ba wasu abin da ya yi kama da shi, ba tare da majiyyaci ko likita ya san wa ya sami wanne ba. Daga cikin magunguna 10 da suke kai wa ga gwaji a kan mutane, kimanin 9 faɗuwa suke yi. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Labarin wani ɗan fure na tsibirin Madagaska ya isa misali. Shi ma ana shuka shi don ado a gidaje, yana da furanni farare ko masu ruwan hoda. Mutanen Jamaika suna shan jiƙon ganyensa don ciwon sukari, sun kuma yarda da shi ƙwarai. Aka aika da ganyen wata jami'a a Kanada, inda Robert Noble da Charles Beer suka bincike shi. Ba su ga ya rage sukari ba. Abin da suka gani shi ne yana karya fararen ƙwayoyin jinin dabbobin gwaji. Daga nan aka fitar da maganin da ake kira binblastin a 1958, daga baya aka sami ɗan'uwansa binkiristin, wanda yake cikin magungunan da suka sa yawancin yara masu sankarar jini suke warkewa a ƙasashen da ke da kayan aiki. Mutanen Jamaika sun yi gaskiya da suka ce ganyen yana da ƙarfi, amma sun yi kuskuren cutar. Hatta metfomin, ƙwayar da aka fi ba masu ciwon sukari a duniya, asalinta daga wani ganyen gargajiya na Turai ne wanda sinadarinsa ya yi guba da yawa, sai da aka sauya masa siffa kafin wani likita a Faransa ya fara ba majiyyata a 1957. Mai yiwuwa ne kaucin lemun tsami yana ɓoye da irin wannan alheri. Hanyar fito da shi ita ce wadda aka bi da waɗancan.

Wanda ke cikin haɗari a halin yanzu shi ne mai hawan jini. Cutar ba ta da zafi, ba ta da ƙaiƙayi. Mutum yana iya yawo da awon da ya haura 140 bisa 90 shekara da shekaru yana jin garau. Idan ya ajiye ƙwayoyin asibiti saboda tsada ko gajiya, ya koma shayin kauci, zai ci gaba da jin garau ɗin, ya kuma yaba wa shayin a gaban abokai, har ranar da ɓarin jikinsa zai shanye ko ƙodarsa ta gaza. Mai ciwon sukari da ya haɗa shayin da ƙwayoyinsa kuwa, in har kaucin da ya samu mai aiki ne, sukarinsa yana iya faɗuwa fiye da kima ya suma. Mace mai ciki da mai ciwon ƙoda ko hanta ba su da dalilin kusantarsa. Likitoci ma suna da nasu laifin a nan. Wanda yake yi wa majiyyaci tsawa don ya ambaci jiƙo, ya koya masa ɓoyewa ne kawai, gobe zai sha bai faɗa ba. Abin da ya fi shi ne a tambaye shi cikin mutunci, a rubuta, a auna jininsa.

Mai saye yakan dogara da lambar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993. Yana da kyau a san ma'anar lambar. Yawancin magungunan gargajiya rajistar wucin gadi ake yi musu, lambarsu takan ƙare da harafin L, abin da take nufi kuma shi ne an duba tsabtar kayan da rashin cutarwarsu a gwajin farko. Ba shaidar warkarwa ba ce. Shi ya sa ake wajabta rubuta wa a jikin kwalin cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da aka yi ba, ko da yake akan rubuta wannan da ƙananan baƙaƙen da sai an matso da ido. Ya kamata hukumar ta ƙara sharaɗi guda ga duk kayan da aka yi da kauci: a rubuta sunansa na kimiyya da sunan itacen da aka ciro shi, wanda ya kasa kuma a hana shi lamba.

Makarantun sakandare suna da aikin da za su iya yi wanda ba ya bukatar ko kwabo mai yawa. Tun a 1916 wani likita ɗan Sikotilan mai suna Dalziel ya buga littafin sunayen tsirrai da Hausa, ta hanyar yawo da tambayar mutanen ƙauye. Abin kunya ne a ce bayan shekara fiye da 100 jikokin waɗanda ya tambaya ba su ɗora komai a kai ba. Malamin ilmin halittu yana iya fita da ajinsa bayan gari, a ƙidaya itatuwan da ke cikin gona guda, a rubuta nawa ne suke da kauci, wane itace ya fi kamawa, wane wata yake fure, wane tsuntsu yake zuwa. A tambayi dattawa da masu magani abin da ake yi da kowanne, a rubuta da bakinsu. A yanko reshe mai ganye da fure, tare da ganyen itacen da yake kai, a danne su tsakanin tsofaffin jaridu har su bushe, a liƙa a takarda mai kauri da kwanan wata da sunan wuri. Ma'ajiyar busassun tsirrai irin ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana iya tantance sunan. Abin da ba a yarda ɗalibi ya yi ba shi ne gwada jiƙon a kan kansa ko ƙanensa.

Ƙidayar nan za ta amfani manoma ma. Binciken da aka yi a Burkina Faso ya nuna kusan kashi 95 cikin 100 na itatuwan kaɗanya a can suna ɗauke da kauci, yana rage musu 'ya'ya, yana kashe waɗanda ya yi wa yawa. Manoman koko a Gana su ma suna fama da shi. Ta wannan fuska kauci ya bambanta da maɗaci da sauran itatuwan da masu sassaƙe suke yi wa tsirara har su mutu, domin shi cire shi taimakon itacen ne. Sai dai tsinke ganyen kawai ba ya raba shi da reshen, tun da turken nan yana ciki, zai sake tohowa. Dole a sare reshen daga bayan ƙullutun, ta wajen gindin itacen, kuma lokacin da ya fi dacewa shi ne kafin 'ya'yan su nuna tsuntsaye su kwashe su zuwa itace na gaba.